Filin Amsa Wasiƙunku: An Yi Tafi, An Watse, Sai Me?

Assalamu alaikum. Tun da na ambata a wannan fili cewa na daɗe ina riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantun da na koyar kafin in yi ritaya, wasiƙu suke ta shigowa a kan wasan yara da matasa. Na zaɓi huɗu a wannan wata. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Daga wata malama, yankin Funtuwa: Malam, ina koyar da Hausa a makarantar sakandaren 'yan mata. Bara shugabar makaranta ta ɗora mini farfaɗo da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Na rubuta wasa a kan illar cire yarinya daga makaranta, muka yi wata biyu muna gwaji, muka nuna shi ranar yaye ɗalibai. Iyaye sun yi dariya, sun yi tafi, har liƙi aka yi wa yarinyar da ta fito a uba. Da aka dawo hutu, yara uku a ajina ba su dawo ba, ɗaya ma tana cikin 'yan wasan. Shin abin nan yana da amfani kuwa, ko lokacin yara nake ɓatawa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Wannan ɓacin rai na san shi, don na ɗanɗana. Bari in zana miki wasan naki, ki gaya mini in na kauce. Akwai uba mai taurin kai da gemun auduga. Akwai yarinya mai ƙwazo tana kuka. An cire ta, an yi mata aure, zama ya ƙi daɗi. Ƙawarta da aka bari ta zama likita, ita ce kuma ta ceci ran uban a ƙarshe, ya zauna yana da-na-sani. Irinsa na rubuta da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abin da ke damun irin wannan wasa shi ne, babu uba ko ɗaya cikin 'yan kallo da ya ga kansa a jikin mai gemun audugar nan. Kowa ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Shi a wurinsa yana da dalili, dalilin kuwa bai fito a wasan ba, saboda ba wanda ya je ya tambaye shi.

Ni abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a wata makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye. 'Yan mata suna shiga aji ɗaya da yawansu, kafin aji uku sai ka ƙirga su da yatsun hannu. Mu malamai mun riga mun yanke hukunci a ɗakin hutunmu cewa jahilcin iyaye ne. Sai wani abokina da ya karanta fannin wasan kwaikwayo a Zariya ya kawo mini ziyara, ya duba abin da na rubuta, ya ce in ajiye shi tukuna. Ya ce in sallami yaran na mako biyu, kowa ya je ya saurari uwarsa, da kakarsa, da ubansa, da masu zama a teburin mai shayi, kada ya yi wa kowa wa'azi, ya dawo ya faɗi abin da ya ji.

Abin da suka kwaso ya ba ni mamaki. Ba a samu mutum ɗaya da ya ce karatun 'ya mace haramun ne ba. Iyaye mata suna cikin gida, sana'arsu ƙosai ce, da ƙuli-ƙuli, da alala, kuma yarinyar ita ce ƙafarsu zuwa waje. Da ribar tallan ake zubin adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki, amaryar da aka kai ba kaya kuwa ta shiga gorin dangin miji ke nan har tsufanta. Iyaye maza nasu daban ne: hanyar makaranta ta ratsa gonaki, in dawa ta yi tsawo ba a hango mai tafiya. Su kuma yaran, sai da wata malama ta keɓe da su sannan suka faɗi nasu, cewa babu banɗakin mata a makarantar, wadda ta fara girma sai ta riƙa fashin kwanaki duk wata har karatu ya wuce ta.

Da wannan muka gina wasa na minti goma sha biyar, babu mugu a cikinsa. Uwa ce da 'yarta da sassafe, ƙosai ya sauka daga wuta, ƙawaye suna kira daga zaure, yau kuma ranar zubi ce. Daidai lokacin da uwar ta ɗaga faranti za ta ɗora wa yarinyar a ka, sai muka tsayar da wasa, muka juya ga 'yan kallo muka ce to, yaya za a yi?

Sau biyu muka nuna shi. Na maza a dandali bayan la'asar. Na mata a cikin gidan mai unguwa, wanda ni ban shiga ba, abokiyar aikina ce ta jagoranta, ita ta ba ni labari. Ta ce wata dattijuwa ta miƙe ta karɓe farantin daga hannun yarinyar da ta fito a uwa, ta ce ba haka uwa take magana ba, ta tsaya a madadinta ta yi abin da bakinta. Daga nan gidan ya kaure da muhawara har kusan magariba. A nan ne shawarar ta fito, daga bakinsu, cewa akwai tsofaffi da zawarawa da za su iya ɗaukar tallan safe a ba su la'ada, yaran su karɓa in an tashi makaranta. A dandali kuma maza suka amince yara su riƙa tafiya a ayari da babba a tare da su lokacin damina. Banɗakin ya ɗauki ƙungiyar iyaye da malamai kusan shekara. Ba dukkan yaran suka tsaya ba, wasu an yi musu aure duk da haka, kuma har yau ina tuna fuskokinsu. Amma ajin uku na shekarar da ta biyo ya fi na baya cika.

Wannan hanya ba ni na ƙago ta ba, kuma tana da tarihi a ƙasarki. A 1975 wani Bature, Michael Etherton, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa karatun wasan kwaikwayo. A 1977 ɗalibansa suka fita Soba da Wasan Manoma, lokacin da gwamnatin Obasanjo take yayata shirinta na ciyar da ƙasa, don a ji yadda shirin yake a wurin mai riƙe da fartanya. Bayan Soba aka yi Maska, nan kusa da ke, aka yi Bomo a gefen Samaru. Mutane irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah a cikin wannan aiki suka taso. Darasin da suka koya a hankali shi ne wanda ya shafe ki. Da farko ɗalibai kan je ƙauye su tattaro bayani, su koma jami'a su shirya wasa, su kawo wa mutane a dafe. Daga baya suka gane sai mutanen garin sun sa hannu a shiryawa da fitowa sannan abin yake zama nasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dabarar tsayar da wasa a kira ɗan kallo ya shigo kuwa, wanda ya fi shahara da ita ɗan ƙasar Barazil ne, Augusto Boal. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ta zo masa a ƙasar Peru a 1973. Suna karɓar shawarwarin 'yan kallo suna kwaikwayawa, sai wata mata ta yi ta cewa ba su yi abin da take nufi ba, har ranta ya ɓaci za ta fice, ya ce ta hau ta nuna da kanta. Da na ji labarin dattijuwarmu mai faranti, ita na tuna.

Saboda haka, Malama, ga shawarata. Yaran nan uku, ki je gidajensu da ƙafarki, ki gaida iyayensu mata, ki ji. Wannan ba aikin wasa ba ne, aikin zumunci ne, kuma ke mace kina da ƙofar da ni ban taɓa samu ba. Wasa na gaba kada ki rubuta shi, ki bar yara su kwaso shi daga gidajensu, amma ki sauya sunaye da kamanni yadda ba za a gane gidan kowa ba. Kada ki kai shi ranar yaye ɗalibai, ranar nan ta ado ce da hotuna, ba mai zama ya yi gardama. Ki nemi rana ta daban da mutane kaɗan. In an yi muhawara, kafin a watse a san wa ya ɗauki me, zuwa yaushe, a rubuta, ki koma bayan wata guda ki tambaya. Yawancinmu a nan muke faɗuwa, sai mu ɗauka tafi shi ne ƙarshen aiki.

Abu ɗaya kuma kada ki raina. Yarinyar da ta tsaya gaban ɗaruruwan iyaye ta yi magana muryarta ba ta rawa, ta samu abin da allo da alli ba sa bayarwa. Cikin ɗalibaina, waɗanda suka fi iya tsayawa gaban likita ko alƙali ko dangin miji su faɗi abin da ke ransu cikin ladabi, da yawansu 'yan ƙungiyar wasa ne.

Daga wani magidanci, Maraɗi: Ɗana mai shekara goma sha bakwai ya shiga wata ƙungiyar samari masu wasan kwaikwayo, wai suna faɗakarwa. Ni dai a ganina shashanci ne da kwaikwayon Nasara, kuma ina tsoron karatunsa. In hana shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya shirya mana zuriya. Tsoronka na uba ne, ban ga laifinsa ba. Amma batun kwaikwayon Nasara, a nan zan yi maka gardama da girmamawa.

Kai da ni mun yi tashe muna yara. Daga goma ga azumi muke bi gida-gida, wannan ya liƙa auduga ya rungumi sanda ya zama tsoho ana roƙon a tallafe shi, 'yan mata suna Mairama da Daudu suna nuna wa juna zaman aure, wani ya fito a malamin da yake musun ya yi rawa alhali an gan shi. A Kano har yau Nalako yana bin gwagware da tuzurai da kiɗa. Wane ne ya koya mana wannan? A fada ma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da hakimansa, kowa da tafiyarsa da halinsa, abin da ba wanda ya isa ya faɗa da baki sai a nuna shi a yi dariya, mai shi kuma ya ji a jikinsa. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, mai da shi wasa. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a makarantar Midil ta Bauci a shekarun 1940, wasannin kwaikwayo ya riƙa rubuta wa ɗalibansa yana sukar zalunci da cuta, tun kafin ya shiga siyasa.

A ƙasarku ma ai ka fi ni sani. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 aka farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, aka riƙa bikin matasa na ƙasa, garuruwa suna gasar wasan kwaikwayo da harsunan gida. Yazi Dogo, ɗan wasan kwaikwayon da duk mai jin Hausa a Nijar ya san shi, asalinsa malamin makaranta ne. Gaskiya ne gwamnati ta yi amfani da wasannin wajen isar da saƙonta, amma a ciki ne kuma talaka ya ga an kwaikwayi ma'aikaci mai cin hanci a bainar jama'a.

Hukuncin addini a kan abin da ya halatta a nuna da wanda bai halatta ba, wannan ka zauna da malaminka. Ni abin da zan ce a matsayin wanda ya riƙe yara shi ne, ƙungiya suna ta tara. Akwai ta kirki, akwai wadda fakewa ce kawai. Ka bincika wane babba ne a kansu, kuma mutanen unguwa sun yarda da shi? A ina suke gwaji, a fili ko a ɗaki a rufe? Ƙarfe nawa suke tashi, suna tsayawa salla? In akwai 'yan mata, akwai mace babba da take zama da su? Sannan ka sa masa sharaɗi da sakamakon jarrabawa, in ya yi ƙasa a dakata. Ni haka nake yi wa nawa ɗaliban, kuma na ga yaran da suka dage da karatu don kada a cire su daga wasa.

Kafin ka yanke hukunci, ka je ka kalli wasansu sau ɗaya, ka zauna inda zai gan ka. Yaro mai shekara goma sha bakwai dole ya samu inda zai kai ƙarfinsa da yamma. In ka rufe wannan ƙofa, ka tabbata ka san wadda zai buɗe.

Daga wani matashi, Kano: Baba, mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ce za ta ba mu kuɗi mu yi wasa sau goma a kan shaye-shaye, amma sun zo da rubutaccen wasansu. Wasu cikinmu sun ce mu karɓa, wasu sun ce mu yi namu, mu saka labarin wani yaron unguwarmu da kowa ya sani, mu kuma tona asirin mai shagon maganin da yake sayar musu. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi muku albarka da kuka damu da 'yan'uwanku. Tambaya biyu ce ka haɗa, ta biyun ta fi tayar mini da hankali, da ita zan fara.

Kada ku saka labarin yaron nan. Ko kun sauya sunansa, in dai unguwa za ta gane shi, kun kashe shi da ransa. Yana da uwa, yana da ƙanne mata da za a zo neman aurensu. Ku ji labarin mutum biyar ko shida, ku dama su wuri guda, ku fitar da mutum ɗaya wanda ba kowa ba ne amma kowa ya san irinsa. Mai shagon ma kada ku nuna shi da yatsa a dandali. In kuna da hujja, ku kai wa mai unguwa da dattawa, su san yadda za su kai ga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ku za ku gama wasa ku koma gida, ƙaramin cikinku kuma ta ƙofar shagon nan zai bi gobe.

Boal ɗin da na ambata ya sha ba da labarin wani wasa da suka kai wa manoma a arewa maso gabashin Barazil, suka rufe shi da waƙar a zubar da jini don ƙwato ƙasa, riƙe da bindigogin wasa. Wani manomi ya ji daɗi, ya ce to su zo a tafi tare yanzu. Sai suka ce su 'yan wasa ne. Kunyar ranar ce ta sa ya daina kiran mutane zuwa haɗarin da shi ba zai shiga ba. Kuma kada ka ɗauka masu ƙarfi ba sa lura da wasa. A ƙauyen Kamiriithu na Kenya, manoma da leburori sun gina filin wasa da hannunsu suka yi wasa da harshensu a 1977. Hukuma ta hana wasan, ta tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 aka rushe filin. Ban faɗi wannan don ku ji tsoro ba, sai don ku auna kafin ku yanka.

Batun kuɗi kuwa, karɓa ba laifi ba ne, mota da ruwan sha ba kyauta ake samunsu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ku san askin tun kafin ku karɓa. Ku roƙe su su yarda ku sake gina wasan da abin da kuka ji a unguwanninku. Rubutaccen wasa na ofis yakan tsaya ne a kan cewa ƙwaya tana da illa, alhali mai sha ya fi ku sanin illarta. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma ku kun san abin bai ƙare ba, an koma wasu abubuwan ne. Tambayar da ya kamata wasanku ya tsaya a kanta ita ce me ya kai shi, wa ya fara ba shi, lokacin zaɓe ne ko wurin aikin ƙarfi ko gidan biki, kuma in ya so bari wa zai karɓe shi. Ku nemi a ba ku ma'aikacin lafiya ɗaya ya riƙa bin ku, domin bayan wasa akwai uwar da za ta ja ɗayanku gefe ta ce nata ɗan fa, ina za ta kai shi? Dole ku kasance da amsa a hannu, ko asibitin Dawanau ne ko wani wuri mafi kusa. Sannan kuɗin, a faɗi adadinsa gaban ku goma sha biyun, a rubuta rabonsa. Na ga ƙungiyoyi masu kyau da suka shekara biyar ba ko sisi suna tare, kuɗin farko ya tarwatsa su.

Daga wata ɗaliba, Azare: Muna so mu fara amma ba mu da dandamali, ba lasifika, ba kayan sawa.

Amsa: 'Yata, ba ku rasa komai ba. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a 1976, da jar ƙasa aka yi shi, a siffar gidan Bahaushe mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Ku nemi inuwar dalbejiya, ku shimfiɗa tabarmi a da'ira, 'yan wasa a tsakiya. Dandamali mai tsawo ma nesanta ku yake da mutane, wanda yake so ya shigo ya nuna nasa sai ya ji nauyin hawa. Hula ɗaya ta isa ta mai da ke uba, mayafi ya mai da ke kaka, kuma in ɗan kallo zai karɓi matsayin, hular kawai za ki miƙa masa. Lasifika kuwa, ku koyi juya fuska ga na baya da buɗe baki, ku riƙa gwaji ɗayarku tana tsaye taku talatin tana ɗaga hannu duk lokacin da ba ta ji ba. Ku sanar da mai unguwa tun da kwana uku, wata malamarku ta raka ku, ku fara bayan la'asar yadda za a samu lokacin muhawara kafin kiran magariba. In kun yi na farko ki sake rubuto mini, ki gaya mini a wane wuri kuka tsayar da wasan da abin da mutane suka ce.